Yadda Na Je Buɗe Reshen Kulob a Makka

Tun da na dawo daga Makka ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta shigo gaishe ni, kafin ta haɗiye dabinon da na ba ta sai ta ce, "To Hajiya Asabe, wai da gaske ne an kusa kama ki?" Na faɗa har muryata ta dushe, kuma kowacce ta fita sai ta ƙara nata gishirin. Shekaranjiya na ji wai na kwana uku a kurkukun Larabawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin yadda ya faru, tunda na yi ajin yaƙi da jahilci. Wadda ba ta iya karatu ba, a karanta mata.

Ni ce sakatariyar kulob ɗin matan jam'iyyarmu a garinmu. Tamu ita ce jam'iyyar manya, masu cewa a bi sarauta, a girmama dattawa, a tafi a hankali. Mu mata ba ma jefa ƙuri'a, amma ranar taro mu ne masu girki, mu ne masu guɗa, mu ne masu shiga gida gida muna zuga mata su zuga mazansu. Shugabarmu Hajiya Yalwa, wadda muke ce wa Uwar Kulob, mace ce mai jiki da murya. In ta yi gyaran murya a tsakar gida har kaji sukan natsu.

Da ta ji yayana Garba zai kai ni hajji a shekarar zaɓe, sai ta kira ni gaban 'yan kulob.

"Asabe, tafiyar nan ba taki ba ce ke kaɗai. Ki yi wa ɗan takararmu addu'a a gaban Ɗakin Allah, ki sayo mana koren kallabi na Makka da za mu ɗaura ranar babban taro. Sannan an ce Hausawa sun cika can. Ki tara matansu ki buɗe mana reshe."

Na ce, "Uwa, su da suke can, me za su yi mana a nan?"

Ta ce, "Ke rubutu kika iya, ba siyasa ba. Ranar da mai shela ya ce kulob ɗinmu yana da reshe a Makka, wace mace ce za ta yarda a gan ta a wancan ɓangaren?"

Ta miƙo mini damin katin shiga kulob, koraye, kowanne da alamar jam'iyya. Na rasa inda zan sa su, sai na cusa su a ƙasan buhun guzurina, na danne su da daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa.

A Kano muka hau babbar mota. Ina gyara zama a kan benci sai na ji an ce, "A'a, ashe da gwamnati za mu tafi." Na waiwaya, sai ga Tabawa. Tabawa mai waina ce a bakin kasuwarmu, kuma ita ce zabiyar matan jam'iyyar adawa. Ta taɓa yi mini waƙa a bainar jama'a, wai ina rubuta sunan kowa a littafi amma nawa sai an nuna mini. Mijinta Malam Sule tela ne, mutum mai sanyi. Kafin mu kai Wudil ya shaƙu da Yaya Garba, suna fasa goro tare. Mu kuwa har Yarwa maganarmu biyu ce. Na ce ta matsar da ƙafarta, ta ce ai motar ba ta sarki ba ce.

Da muka haye ruwa zuwa ƙasar Chadi aka sauke mu domin binciken kaya. Wani jandarma siriri mai gajeren wando, ba ya jin Hausa sai Faransanci, ya bi mu ɗaya ɗaya. Ya kwance buhuna ya sunkuya. Daddawar nan ta kwana huɗu a rana cikin buhu. Ya ɗago da sauri, ya ja baya taku uku, ya yi wata magana mai tsawo, ya nuna mini da sanda in ɗaure abina. Ina ɗaurewa Tabawa ta raɓo kusa da kunnena.

"Na ga koren abin da ke ƙarƙashi."

"Ina ruwanki?"

"Babu. Na dai ce a karon farko jam'iyyarku ta sami wurin zama da ya dace da ita."

Hanyar Chadi rairayi ce zalla. Rabin tafiyar motar ce ta ɗauke mu, rabin kuma mu muka ɗauke ta. In ta kafe, maza su tura, mu mata mu yi ta jera kara a ƙarƙashin taya. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, kuma in ya kwana biyu yakan yi aikin taɓaryar. A Sudan kuwa, a masaukin alhazai na farko, aka kawo mana wani abu fari fari, siriri, a naɗe a gefen tire. Na ɗauka na goge hannu da shi. Matar da ta kawo ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ashe shi ne tuwon, kisra suke ce masa, ana dangwala shi a miya. Mutanen kirki ne, sai dai gaisuwarsu ba ta ƙarewa. Mu da muke ganin mun iya gaisuwa, a can muka san mu 'yan koyo ne. Mace za ta dafa kafaɗarki ta tambaye ki lafiya sau goma, kina amsawa tana sake farawa.

Daga nan jirgin ƙasa, daga jirgin ƙasa sai layin allura a bakin teku, sannan jirgin ruwa. Ni ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin garinmu ba. Jirgin yana tashi cikina ya juye. Na kwanta ina salati, na tabbata ba zan ga Jidda ba. Wadda ta riƙe mini kai, tana matsa mini lemun tsami a baki, Tabawa ce. Amma bakinta bai huta ba.

"Haƙuri dai, Asabe. Ku da kuke cewa a tafi a hankali, ki gaya wa tekun mana."

A Jidda Yaya Garba ya fito da wata takarda da ya taho da ita zuwa ga wata dattijuwa, Hajja Dije, 'yar uwar kakarmu ta nesa, da ke zaune a unguwar Utaibiyya a Makka. Masaukin da aka ba su Malam Sule ya cika maƙil, sai Yaya, ba tare da ya tambaye ni ba, ya ce su biyo mu. Haka na wayi gari ni da Tabawa ɗaki ɗaya, tabarma kusa da tabarma.

Abin da na ji ranar da na fara ganin Ka'aba ba zan iya rubuta shi ba. Hawaye suka zubo mini. Na yi wa mahaifiyata addu'a, na yi wa 'ya'yana, na yi wa maigidana, har maƙwabciyar da ba ma ga maciji na yi wa. Sai na tuna saƙon Uwar Kulob. Wallahi sunan ɗan takarar nan ya ɓace mini fat, mutumin da na shekara ina yi wa guɗa. Na yi ta lalube ban samu ba. A ƙarshe na ce, "Ya Allah, Ka dai san shi."

Hajja Dije tana yarinya iyayenta suka taso da ita a ƙafa. Sun shekara bakwai a hanya, suna tsayawa noman auduga a Sudan. Yanzu tana sayar da soyayyar gyaɗa da yaji a ƙofar gida. Hausarta irin ta kakanni ce, tsaf, amma ta surukarta Maryam, wadda aka haifa a can, rabi Larabci ce. Sai ta ce, "Ya Hajja, sha shahi, ba'adain ki yi magana." Shayi kuwa daga safe har yamma, a ɗan kofin gilashi da bai fi kurɓi uku ba. A can maza ne ke zuwa cefane. Ana kiran salla mai kanti zai yafa tsumma a kan kayansa ya tafi, ba mai taɓawa. Mata kuma duk baƙin lulluɓi ɗaya, har fuska. Mace guda na gaisar sau uku a yini ɗaya ina tambayarta mutanen gida, ashe Maryam ce.

A rana ta huɗu na zaunar da Hajja Dije na fara yi mata bayani.

"Inna, a gida za a yi zaɓe."

"Zaɓen me? Ango?"

"Na masu mulki. Kowa ya jefa takarda a akwatin wanda yake so."

"Sarkin ya mutu ne?"

"Yana nan da ransa. Mu ma ai nasa ne."

"To in yana nan, akwatin na mene ne?" Sannan ta ce, "Ke sau nawa kika jefa?"

"Mu mata ba ma jefawa."

Ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda rana ta buga. Tabawa tana kwance ta juya mana baya, amma ina ganin kafaɗunta suna rawa.

Ban karaya ba. Na tono katunan nan daga ƙasan buhu, na ba Maryam guda biyar, na ce ta raba wa maƙwabta, ta ce musu ranar Alhamis bayan la'asar su zo da su akwai taro. Ta shinshina katin ta ce, "Tayyib." Kafin azahar ta dawo neman ƙari. Washegari mata suka fara sallama da kansu, daga Utaibiyya, har da waɗanda suka taho daga nesa a ƙafa. Kowacce ta karɓa sai ta kai hanci, ta yi murmushi, ta soke a ƙirji. Kwana biyu damin ya ƙare. Na ce wa Tabawa, "Kin gani? Ko a Makka an san gaskiya." Ta ce, "Allah Ya kai mu Alhamis ɗin."

Ranar Alhamis lungun Hajja Dije ya cika da baƙin lulluɓi, daga ƙofa har bakin titi. Na ɗaura kallabina mai kyau, na hau kan turmi, na ce, "Assalamu alaikum, 'yan uwana mata. Na kawo muku gaisuwar Uwar Kulob." Ba wadda ta amsa da kirki. Na lura kowacce tana riƙe da kwano ko ƙyalle. Wata daga baya ta ɗaga murya ta ce, "Ya Hajja, a fara rabon mana, magariba na zuwa."

Na sunkuya na ce wa Maryam, "Rabon me?"

Ta ce, "Daddawa. Mu ba katin daddawa kika ba mu ba? Ai ga ƙamshinta a jiki."

Ashe wata biyu da katunan suka yi a buhu sun sha daddawa har sun ƙoshi. Su kuwa matan nan, akwai wadda ta shekara ashirin ba ta ga daddawar gida ba. Labari ya zaga cewa wata baiwar Allah ta zo daga ƙasar Hausa za ta yi sadaka, mai kati kaɗai za a ba.

Ina kan turmin ban gama shan wannan kunyar ba sai ga Abdullahi, ɗan Hajja Dije, ya dawo daga tuƙin motarsa. Ya kutsa da ƙyar, ya karɓi kati ɗaya ya juya shi, ya tambaye ni alamar mece ce. Na ce ta jam'iyya ce. Fuskarsa ta canza.

"Hizib? Ya Hajja, wannan mamnu'u ne a nan. Ba a jam'iyya, ba a taronta. In aka gane, kafin Arfa za a sa ki a jirgi. Mu kuma a karɓe mana takardar zama, tsohuwar nan ta koma ina?"

Sai a lokacin na ji tsoro na gaske. Na yi wata biyu a hanya, saura kwana shida a hau Arfa. Na dubi Hajja Dije, tana zaune a kan tabarmarta da kaskon gyaɗa, a gidan da ta tsufa a ciki. Na ɗaga kai, sai na hango askari, wato ɗan sandansu, a bakin lungun yana ɗaga sanda yana neman hanya. Ƙafata ta ƙi sauka daga turmin.

Tabawa ce ta fizgo ni ƙasa.

"Ina buhun?"

"Guzurina ne gaba ɗaya."

"Za ki ci miya a jirgin da za a kore ki? Kawo."

Ta jawo buhun da kanta, ta zauna a bakin ƙofa ta baje ƙafa kamar tana gaban tandarta ta waina. Ta buɗe muryar nan da take zagin mu da ita a gida ta ce, "Mata, a yi layi. Kati a hannuna, daddawa a hannunki. Ba kati, ba daddawa." Duk katin da ta karɓa sai ta miƙa shi baya ba tare da ta waiwaya ba. Hajja Dije, wadda na ɗauka ba ta fahimci komai ba, tana karɓa tana cusawa a murhu ƙarƙashin kaskon gyaɗa. Ina tsaye ina kallon reshen kulob ɗinmu yana soya gyaɗa.

Askarin ya iso yana huci. Ya yi tambaya da Larabci, Maryam ta ce, "Sadaka." Ya dubi layin, ya dubi buhun, ya ɗauki curin daddawa guda ya kai hanci. Ya ajiye a hankali, ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki da hanci, ya yi mana addu'ar Allah Ya karɓa. Maimakon ya tafi kuma, sai ya tsaya yana gyara mana layi, yana korar masu shigar gaba. Daddawa ta ƙare aka koma kuka, kuka ta ƙare aka koma kuɓewa, har yajina bai tsira ba.

Saura wata tsohuwa guda, Bagobira mai zane a kumatu, ana ce mata Inna Ige. Ta ƙi ba da katinta. Tabawa ta rage murya ta ce, "Inna, kawo mana, ga rabonki na ajiye miki." Ta ce, "Ki riƙe. Daddawa in na ci ta ƙare. Wannan zan sa a akwatina, in na buɗe in ji gida." Askarin yana tsaye taku biyu daga wurin. Tabawa ta dube ta, ta danƙa mata rabon nata, ta ce, "Je ki da shi, Inna, amma ki tura shi can ciki." Tsohuwar ta wuce ta gaban askarin tana dogara sanda, har ya matsa ya ba ta hanya.

Da lungu ya watse na zauna a ƙasa. Na ce wa Hajja Dije da Abdullahi su yafe mini. Tsohuwar ta ce ba komai, gyaɗar ma ta fi daɗi yau. Na juya wajen Tabawa.

"Me ya sa kika yi mini haka? Ai da an kore ni kin sami waƙar shekara."

Ta ce, "Waƙar ai na riga na samu. Amma ni na san ɗakin da ake kulle mutum, ke ba za ki iya ba. Ko teku ba ki iya ba."

Sauran kwanakinmu wake muka ci, wanda suke dafawa ya yi lugub su zuba mai, suna ce masa ful, da wani faffaɗan burodi. Safe ful, rana ful. Yaya Garba kuwa, duk lokacin da aka ajiye kwanon sai ya dube ni ya yi ajiyar zuciya. Muka hau Arfa lafiya, muka yi jifa. Na tsaya kusa da Tabawa ina kallon leɓenta in ji ko za ta ambaci sunan wani namu, kabbara kawai na ji. Koren kallabin ma ita ta raka ni kasuwa, ta yi ta ciniki da Balarabe mai kantin da hannu da ido har ya gaji ya sallama. Ta ce ba don mu ta yi ba, ita dai ba ta iya ganin ana cutar mutum ko da ya cancanta.

Da muka dawo gida Uwar Kulob ta tara mata, ta sa ni a tsakiya.

"An yi addu'a?"

"An yi, Uwa." Ban faɗi yadda aka yi ba.

"Reshe fa? Mace nawa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ɗaya."

Ta yi tunani, sannan ta ce, "Tana da kati?"

"Tana da shi. Ta ƙi rabuwa da shi ko a gaban ɗan sanda."

Ta buga cinya ta ce, "Irin su muke so. Rubuta." Ranar babban taro mai shela ya faɗa sau uku cewa kulob ɗinmu yana da reshe a Makka, muka yi guɗa da koren kallabi.

Mako biyu bayan haka 'yan adawa suka yi nasu taron, aka ce ba su da izini, aka kwashi wasu. Tabawa na ciki, aka ɗaure ta wata uku. Na yi tuwo na ɗauka na tafi gidan yari tsakar rana, da kallabin kulob a kaina, don na manta ban sauya ba. Kafin in dawo labari ya riga ni. Uwar Kulob ta aiko a kira ni.

"An ce an gan ki a ƙofar gidan yari da kwano."

"Haka ne, Uwa."

"Wa kika kai wa?"

Na gaya mata, na kuma ba ta labarin lungun Utaibiyya duka, har da turmin. Na shirya ajiye littafin sakatariya. Can ta ce, "Gobe in za ki, ki biyo ki karɓi man shanu. Amma ki cire mana kallabinmu, ki kuma bi ta bayan gari."

Na kai. Tabawa ta cinye tas, ta suɗe hannu, ta tambaye ni man na wane ne. Da na faɗa mata sai ta ce in gaya wa Uwar Kulob ta gode, man ya yi daɗi, amma waƙar da take shirya mata a ciki ta riga ta kai baiti takwas, kuma ba za ta rage ko ɗaya ba.